Tudu da Kwari: Tarihin Ninki, Daga Rigar Masar Zuwa Sararin Samaniya

Wannan ɗan littafi da ke hannunka, ni na ninke shi. A ƙungiyarmu kowa da aikinsa: akwai masu buga rubutu a kwamfuta, akwai mai kai wa gidan fotokopi, ni kuwa da yake yatsuna ba su da sauri a kan madanni, sai aka bar mini ninki. A kawo takardu, in jera su, in karya su biyu, in bi bakin da farce, wani ya ɗinke tsakiya. Fitowa huɗu ke nan ina wannan aiki, kuma ban taɓa tunanin akwai abin faɗa a cikinsa ba.

Wani dare cikin bazara, muna fada a Zango, aka ɗauke kuran. Zafi ya ishe ni, na jawo wata takarda da injin ya ɓata, na ninke ta gaba, na ninke ta baya, gaba, baya, irin yadda muke yi muna yara a lakkol, na yi mafici da ita. Da fifitar ta gundure ni, sai na ɗora ta tsakanin kofunan shayi biyu kamar gada, na aza kofi na uku a tsakiya. Ta riƙe. Na ɗauki wata takardar da ba a ninke ba na aza a wurin, tun ban sa mata komai ba ta lotsa ta faɗi. Takarda iri ɗaya, nauyi ɗaya, ba a ƙara wa ta farkon ko ƙwayar gero ba.

Da na ce zan yi rubutun wannan fitowa a kan tarihin ninki, wani abokinmu da ke karatun tarihi a jami'a ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce tarihi shi ne Tanimun da ganuwar Damagaram, shi ne Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu, ba wasan ƴan aji biyu ba. Maganar ta yi mini ciwo fiye da yadda ya zata, domin Innata, ƙanwar mahaifiyata wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, tela ce, kuma da tattarar siket da ta wuyan riga ta biya mini kuɗin kaye da bik har na kai inda na kai. In ninki ba shi da tarihi, to hannunta ma ba shi da shi. Shi ya sa na nace.

Bari in fara da dalilin da ya sa takardar ta riƙe kofi. Ka ɗauki siririn katako ka kwantar da shi a kan duwatsu biyu, ka taka, zai lanƙwashe. Ka tayar da shi a kan gefensa ka taka, ba zai motsa ba. Abin da ke hana abu lanƙwasa shi ne kaurinsa ta fuskar da nauyi ke danna shi, kuma lissafin ba ɗaya bisa ɗaya ba ne: katakon da ya ninka wani kauri sau biyu ya fi shi tauri sau takwas. Takarda a shimfiɗe kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In ka ninke ta gaba da baya, kowane ninki ya zama ɗan bango a tsaye, takardar ta ari kaurin da ba ta da shi. Masu wannan sana'a a Japan suna da suna biyu ga ninki: wanda ya taso sama suna kiransa dutse, wanda ya nutse suna kiransa kwari. Ni zan ce tudu da kwari, don mu nan tudu muka fi sani. Duk abin da zan ba da labari daga nan, tudu ne da kwari suna bin juna.

Ninki ya girmi takarda nesa ba kusa ba. A 1913, wani mai tonon kayan tarihi ɗan Ingila, Flinders Petrie, yana haƙa a maƙabartar Tarkhan, kimanin kilomita 50 kudu da Alƙahira, ya kwaso tarin tsummokaran lilin daga wani kabari. Aka kai su Landan, aka ajiye, aka manta. Sai a 1977 masu gyaran tsofaffin tufafi suka warware tarin, suka tarar da riga a ciki: mai wuyan da ya sauko kamar harafin V, hannuwanta da ƙirjinta duk tattara ce ƙanana, a jere, a tsanake. Da aka auna shekarunta a Oxford a 2015, aka samu an saƙa ta tsakanin shekara ta 3482 da ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ita ce saƙaƙƙiyar riga mafi tsufa da aka sani a duniya. Abin da ya fi taɓa ni, an same ta a juye, ciki a waje, da alamun lanƙwasa a gwiwar hannu da hammata, wato wani ya sa ta, ya tuɓe ta ta kai kamar yadda kowa ke tuɓe riga. Tela mafi daɗewa da aikinsa ya iso gare mu, ashe mai tattara ne. Kuma tattarar ba ado kawai take yi ba: tana sa riga ta kama jiki, ta kuma buɗe in mutum ya ɗaga hannu. Shekara 64 rigar ta yi a cikin tsumma kafin wani ya duba ta da kyau.

Takarda ta zo daga baya. Littattafan Sin suna danganta ta da wani ma'aikacin fada, Cai Lun, a shekara ta 105. Ta bi ta Samarkand ta iso Bagadaza a ƙarni na 8, ta bi ta Koriya ta shiga Japan. A duk inda ta je, tambaya ɗaya ce ke tasowa: doguwar takarda, yaya za a adana ta? Da farko naɗe ta ake yi kamar tabarma, amma mai neman wuri a tsakiyar naɗi sai ya warware rabi. Sai masu karatun addinin Buddha a Sin suka fara ninke dogon naɗin tudu da kwari, ya zama littafin da za ka buɗe a kowane shafi. Mayawa na Amurka ta Tsakiya, waɗanda ba su taɓa jin labarin Sin ba, su ma haka suka yi da takardarsu ta ɓawon itace. Littafinsu da ke ajiye a Dresden ta Jamus fallaye 39 ne, in an miƙe shi ya kai mita uku da rabi. Huɗu kacal suka rage na irinsa, domin wani limamin kirista ɗan Sifen, Diego de Landa, ya tara da yawa ya cinna musu wuta a garin Mani a 1562. A Habasha ma akwai irin wannan littafi na fata mai ninki, suna kiransa sensul. Mafici mai ninkewa kuwa, wanda na yi a fada, daga Japan ya fito. Mafi tsufa da aka samu na siraran katako ne, a cikin wani gunki a Kyoto, ɗauke da shekarar 877. Daga baya aka riƙa manna takarda mai ninki a kan ƴan sanduna.

Mu nan hanyarmu daban. Takardar da malamanmu na da suka yi rubutu a kai ta hamada take zuwa, da yawanta daga Italiya ta Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku in ka ɗaga ta a haske. Littattafanmu ba a ɗinke su, fallaye ne a jere, a sa a tadarishi, a zura a gafaka. Inda ninki ya yi ƙarfi a wurinmu shi ne laya: malam ya rubuta, ya ninke, ya sake ninkewa har ta koma kamar kan yatsa, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke da fata. Wancan ninkin na Sin an yi shi don a buɗe, namu na laya an yi shi don kada a buɗe. Sannan ga karin hula, wanda kowane saurayi ke da nasa, ga yadda dattijo ke tattare hannun babbar riga ya aza a kafaɗa, ga masu bugu da ke ninke shadda kashi-kashi kafin su sa mata tabarya. Kuma in ka je inda goriba ko giginya take, ka dubi sabon ganye kafin ya buɗe: tudu da kwari ne tun daga tushe, a tsuke, ya buɗe kamar mafici. Shi ya sa ganyen giginya da faɗinsa ya wuce mita yake tsayawa a iska ba ya langaɓewa. Matan da ke saƙa kaba suna tsaga ta a kan waɗannan layuka, sun san su da yatsa.

Abubuwa biyu da suka cika garuruwanmu yau ƴaƴan wannan dabara ne, ko da yake ba ma kallonsu haka. Na farko tol, kwanon rufi. A 1829 wani injiniya a tashar jiragen ruwa ta Landan, Henry Robinson Palmer, yana neman rufin manyan rumbunan kaya mara nauyi, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe tudu da kwari. A 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar tsoma ƙarfe a narkakken zinki don kada ya yi tsatsa. Da aka haɗa biyun, aka samu rufin da za a jera ɗari a kan juna a loda a jirgi, shi ya sa ya bi turawan mulkin mallaka ko'ina. Ba yabon sa nake ba. Duk wanda ya kwana a ɗakin tol a watan Afrilu ya san soron ƙasa ya fi shi mutunci. Amma ƙarfinsa daga ninki ne. Na biyu kwali. A 1856 aka yi rajistar takarda mai tudu da kwari a Ingila, kuma abin dariya, don a sa a cikin dogayen hulunan attajirai aka yi ta. A 1871 Albert Jones na New York ya ga za ta yi amfani wurin naɗe kwalabe, a 1874 Oliver Long ya manna mata shimfiɗaɗɗiyar takarda don kada ninkin ya baje. Ka yaga gefen kwalin sukari ko na sabulu ka leƙa, gadata ta kofunan shayi ce a ciki, an rufe ta sama da ƙasa.

Inda labarin ya fi shafar mu ɗalibai shi ne shigar ninki makaranta. Friedrich Fröbel, wani malami Bajamushe, ya buɗe wurin renon ƙananan yara a Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya sa masa suna lambun yara. Ra'ayinsa shi ne yaro da hannu yake fara fahimta kafin ya fahimta da kai. Cikin ayyukan da ya tsara akwai ninke takarda mai kusurwa huɗu: yaro ya haɗa kusurwa da kusurwa, ya ga rabi, ya ga kwata, ya ga alwatika, tun ba a gaya masa sunayensu ba. Gwamnatin Prusiya ta haramta waɗannan makarantu a 1851, wai suna koyar da rashin addini da gurguzu. Fröbel ya rasu a 1852, ba a ɗage hanin ba sai 1860. Amma tsarin ya riga ya fita. A 1876 aka buɗe lambun yara na gwamnati na farko a Tokyo, ninkin Fröbel ya haɗu da na Japan, wanda tun 1797 yake da littafinsa a buge. A Madras ta Indiya kuwa, wani mai suna Sundara Row ya wallafa littafi a 1893 yana koyar da lissafin siffofi da ninke takarda zalla, ba kampas, ba abin jan layi. Na yi tunanin ajinmu na firamare, mu kusan tamanin da kampas ɗaya na mushe, na katako, wanda ƙusarsa ta ɓace. Awar aikin hannu tana cikin jadawali, amma shara muke yi a cikinta, ko bitar jarrabawa. Takarda kuwa, ko ta tsohon kaye, kowa yana da ita.

Wanda ya mayar da wannan wasa gwaji na gaske shi ne Josef Albers. Shi ma malamin firamare ne da farko. Ya shiga Bauhaus, makarantar zane da gini da aka kafa a Weimar ta Jamus a 1919, yana ɗalibi, daga 1923 kuma aka ba shi ajin share fage, wanda kowane sabon ɗalibi sai ya bi ta cikinsa. Jamus a lokacin ta fito daga yaƙi, kuɗi sun zama takarda, makarantar ba ta da abin sayen kayan aiki. Ɗaya daga cikin ɗalibansa, Hannes Beckmann, ya ba da labarin ranar farko: Albers ya shigo da ɗaurin tsofaffin jaridu, ya raba, ya ce kowa ya mayar da tasa abin da ya fi yadda take yanzu, ya girmama takardar, in da hali kada ya taɓa almakashi ko gam, ya fita. Da ya dawo bayan awoyi, ya tarar da jiragen ruwa, da gidajen sarauta, da dabbobi, da abin rufe fuska. Ya ce duk wannan kayan lambun yara ne, da wani abin aka yi su da sun fi kyau. Sai ya ɗauki aikin wani saurayi wanda ba abin da ya yi illa ninke jaridar a tsaye, ta tsaya da kanta kamar ƙyaure mai ganye biyu. Ya ce wannan ne ya gane takarda: abu ne mai laushi, ninki ya sa ta tauri, tana kwance ana ganin fuskarta ɗaya, yanzu tana tsaye ana ganin biyu.

Daga wannan aji abubuwan mamaki suka fito wajen 1927 da 1928, akwai hotunansu. Ɗalibai suka zana da'ira cikin da'ira a kan takarda, suka ninke layukan ɗaya tudu ɗaya kwari, sai takardar ta murɗe da kanta ta zama kamar sirdi. Suka yi haka da murabba'i cikin murabba'i, kusurwa biyu suka tashi sama, biyu suka yi ƙasa. Na gwada wannan na biyun da hannuna, kuma wallahi lokacin da takardar ta juya a tafina kamar mai rai, sai da na sake ta. Ba kai ke lanƙwasa ta ba, ninkin ne ke neman wurin zama. Bauhaus ta rufe a 1933 saboda matsin ƴan Nazi, Albers ya tafi Amurka ya ci gaba da raba wa ɗalibai takarda.

To, ga inda nake son abokina mai tarihi ya saurara. A Venis ta Italiya, wajen 1907, gidan ɗinkin Mariano Fortuny ya fito da wata doguwar riga ta siliki, Delphos, mai tattara ƙanana ɗaruruwa daga wuya har ƙasa, tana bin jiki kamar ruwa, a zamanin da matan Turai ke ɗaure ƙugunsu da ƙarfe da igiya. Yadda ake yin tattarar sirri ne, har in ta baje sai mai rigar ta mayar da ita Venis a sake. Duniya ta san rigar da sunan Fortuny. Amma a gefen takardar rajistar da aka yi a Faris a 1909, da hannunsa ya rubuta cewa mai ƙirƙirar ita ce Henriette, matar da suke aiki tare wadda ya aura daga baya, shi dai ya sa sunansa ne don gaggawa. Shekaru da dama littattafai suna ta yabon miji, rubutun gefen yana nan ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. A Japan ma, Issey Miyake ya yi suna da tufafinsa na Pleats Please daga 1993, kuma shi kansa bai ɓoye ba cewa aikin yadin yana hannun Makiko Minagawa, wadda ta yi shekaru tana gwaji tare da masaƙu. Dabararsu ita ce a ɗinka riga ta ninka girmanta biyu ko uku, a sa ta tsakanin takardu biyu, a tura cikin inji mai zafi, ta fito a tattare. A Faris akwai gidan Lognon, inda har yau ake shimfiɗa yadi tsakanin kwalaye biyu masu ninki iri ɗaya, a tsuke, a ɗaure, a sa a tururi. Wato takarda ce ke koya wa yadi ninki.

Na kai wa Inna wannan labari a shagonta da ke kusa da kasuwar Dole, ina nuna mata hotuna a salula. Ta kalli rigar Masar ta daɗe, ta ce mai wannan aiki ba ya gaggawa. Ta kalli ta Venis ta ce, "Wannan ai sai da jiƙo." Na ce yaya aka yi ta sani, alhali sirri ne? Ta ce, "Kai ɗan lakkol, yadi busasshe yana jin magana ne?" Ita ba ta da abin awo in za ta yi tattara. Faɗin yatsa biyu ne ma'auninta, ta kama, ta tura ƙarƙashin allura da bakin almakashi, ƙafarta ba ta tsaya a kan keke ba, kuma in ka bi da santimita ba za ka samu wadda ta fi wata ba. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce wata Bayarabiya da ta zauna a unguwarsu tun tana budurwa, wadda ta koma gida, ko sunanta na gaskiya ba ta sani ba, sunan ɗanta ake kiranta da shi.

Sati uku na yi ina gwaji a bayan shagon. Takardar kaye tana karɓar ninki amma tana gajiya, in ka buɗe ka rufe sau da yawa sai ta tsage a layin. Takardar buhun siminti, wadda masu tsire ke naɗe nama da ita, ita ce sarauniya: zarenta dogo ne, tana riƙe kari, ba ta saurin yagewa. Leda ba ta da tunani ko kaɗan, kana saki ta manta. Gwangwanin tumatir da na buɗe na baje ya riƙe ninki har abada, ya kuma yanke ni a babban yatsa. Kaba sai an jiƙa, kuma ba ta yarda a ninke ta sai ta inda aka halicce ta. Na kuma gano takarda tana da gashi kamar katako: ka yaga jarida ta tsawo, ta tafi sambal, ka yaga ta faɗi, ta karkace. Injin da ke yin ta ne ke kwantar da zaren fuska ɗaya. Ninkin da ya bi zaren yana fita sumul, wanda ya gitta shi yana fashewa. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa bayan ɗan littafinmu yake yin kaushi, ba ya son kwanciya, in na karya takardun biyu.

Abin da ya kayar da ni shi ne ninkin Miura. Koryo Miura masanin kimiyyar sararin samaniya ne ɗan Japan. Yana nazarin yadda siririn falle ke yamutsewa in an matse shi ta kowane gefe, sai a 1970 ya fitar da wani tsari: layukan da suka bi ta faɗi a miƙe suke, waɗanda suka sauko kuwa suna tafiya a karkace, dama, hagu, dama, hagu. A kowace mahaɗa layi huɗu ne ke haɗuwa, uku tudu ɗaya kwari, ko uku kwari ɗaya tudu. Takardar da aka ninke haka, in ka kama kusurwa biyu masu kallon juna ka ja, gaba ɗayanta take buɗewa a tashi ɗaya, ka tura ta koma ta tsuke. An fara amfani da shi a taswira, don ba ta rikicewa wurin mayarwa, kuma ninkin ba ya hawa kan ninki balle ya tsage. A 1995 Japan ta harba wani tauraron ɗan'adam ɗauke da fallen gwaji na kama hasken rana mai wannan ninki, ya buɗe a sama ya kuma rufe. A inda ba hannun da zai warware maka kaya, abin da ke buɗewa da ja ɗaya ya fi zinariya. Daga baya masana tsirrai suka lura ganyen wasu itatuwa haka yake kwance a cikin toho.

Takarda goma sha ɗaya na ɓata. Ko dai layukan su ƙi haɗuwa, ko in juya tudu ya zama kwari a tsakiya, abin ya cije. Inna tana kallona ta gefen ido tana ɗinki. A ta goma sha biyu ta tashi ta karɓe, ta tsoma yatsu a kofin ruwa ta yarfa wa takardar siminti kaɗan, ta shafe da tafi, ta ce in jira ta sha. Sannan ta ce in daina ninke layi ɗaya har ƙarshe, in bi dukansu sama-sama tukuna, in tattaro su tare kamar yadda ake tattaro bakin zani. Na yi haka, takardar ta shige cikin kanta ta koma kamar akwatin ashana. Na ce mata wani Bajapane, Akira Yoshizawa, wanda ya yi shekaru yana tallar abinci gida-gida don ya samu sukunin ninke takarda, ya shahara a duniya da wannan dabara ta jiƙa takarda. Ta ce Allah ya ba shi lada.

Sai ta ce in yi mata guda biyu iri ɗaya, mu gwada abin mutanen Faris. Muka shimfiɗa ƙyallen atamfa tsakaninsu, muka tsuke, muka ɗaure da tsumma, ta ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ta danna da dutsen guga na gawayi. Ya fito da ƙananan tudu da kwari kamar ɓawon kifi, mata biyu da ke jiran ɗinki suka taso suna taɓawa. Wanki ɗaya, ya baje, auduga ba ta riƙe ba. Muka koma kan yadin roba, poliyesta, irin wanda ake sa wa a cikin riga. Na farko ya ƙone ya manne da takardar, shagon ya cika da wari, ta zage ni tas har da cewa karatun nawa na asarar gawayi ne. Na biyu ta rage wuta, ta ƙara jiƙo, muka bar shi ya huce a ɗaure har la'asar. An wanke shi sau uku yanzu, ninkin yana nan, domin zaren roba in ya yi zafi ya huce a lanƙwashe, a haka yake zama.

Ta rataye ƙyallen a ƙofar shago. Jiya da na biya, ta ce mutum huɗu sun tambaya, ɗaya tana so a hannun rigar Salla. Ta ba ni buhun siminti shida da ta karɓo wurin magina, ta ce tana son takardu masu faɗin yatsa biyu, wasu masu faɗin yatsa ɗaya, kafin azumi ya raba tsakiya. Na ce, "Inna, nawa za ki biya?" Ta ce in je in lissafo kuɗin kaye tun daga aji uku, in dawo mu yi magana.